Kuɗin Adashe da Karatun Hunturu: Takarda, Waya, Kindle ko Sauraro?

Ƙanwata malamar firamare ce a nan Kano. Ɗaukar adashenta ta faɗo a ƙarshen Nuwamba, daidai lokacin da hazo ya fara rufe gari. Ta kira ni bayan isha'i, murya a shaƙe saboda mura, ta ce, "Yaya, na ware wani abu don karatu. In sayi na'urar karatun nan, Kindle, da ƙawata take ta zuzutawa, ko in shiga Sabon Gari in ciko jaka da littattafai, ko kuwa in riƙe kuɗina in ci gaba da karatu a waya?" Na ce ta ba ni kwana biyu, domin duk hanyoyin nan na bi su, kuma babu wadda ba ta taɓa cin kuɗina a banza ba. Abin da na tattara mata ne nake shimfiɗawa a nan, ko zai amfani wani mai irin wannan saƙar zuci.

Tambayar ta zo a kan gaɓa. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana kaɗowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Da asuba sanyin Kano kan sauka ƙasa da digiri 15, na Jos da Agadas kuwa ba a magana. Majalisar ƙofar gida tana watsewa da wuri, zufa ta ɗauke, sauro ya yi sauƙi, mutum ya shige bargo tun ƙarfe tara alhali babu barci a idonsa. Ina da wani ɗan littafin rubutu da nake sa sunan duk abin da na gama karantawa. A Afrilu, lokacin da zafi ke korar mutum tsakar gida, da ƙyar nake cika biyu. A Disamba da Janairu nakan yi huɗu, wani zubin biyar.

Abin da na auna da shi

Na farko kuɗi. Ba zan kawo farashi da naira ba, don kafin rubutun nan ya yi wata guda farashin ya canja. Mudun awona shi ne kofin shayi da madara na mai shayin bakin layinmu. In kaya suka tashi shi ma yakan tashi, saboda haka lissafin yakan daɗe bai ɓaci ba. Ƙiyasi ne nawa, kowa ya gwada da na unguwarsu. Kuma abin da nake ƙirgawa kuɗin littafin da aka karanta har bangon baya ne. Wanda ya jibge goma ya karanta biyu, kuɗin goma ya biya wa biyun nan.

Na biyu ƙarko: yadda abin yake jure ƙura, bushewar iska, hannun yara, da kuma gara in damina ta zagayo.

Na uku sauƙi, kuma a nan na fi daɗewa. A hunturu lokacin karatu uku ne. Akwai shan hantsi, inda mutum ya jingina da bango rana tana dukan bayansa. Akwai bayan isha'i cikin bargo, sau da yawa babu wuta. Akwai kuma lokacin da hannu yake aiki amma kunne yana zaune, kamar jiran ruwan wanka ya yi zafi ko damun kunu. Kowace hanya tana da lokacin da ta fi kyau da lokacin da ba ta da amfani.

Na huɗu haɗari, ga aljihu, ga ido, ga natsuwa, ga gidan ma baki ɗaya.

Na biyar shi ne wanda masu sayen na'ura suke mantawa: abin da kake son karantawa, akwai shi ta wannan hanyar? Mai karanta Hausa da mai karanta Turanci ba kasuwarsu ɗaya ba.

Sabon littafi na takarda

Ƙaramin littafin labari na Hausa, a ƙiyasina, kofi uku ne zuwa biyar. Sai dai akwai tarko: tun zamanin da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa a ƙarshen shekarun 1980 aka saba raba labari ɗaya zuwa littafi na ɗaya, na biyu, na uku, wani har na huɗu, kuma a kan gaɓar da ta fi daɗi ake yankewa. Kafin ka biya, tambayi mai shago kashi nawa ne, kuma duk sun fito? Sabon littafin Turanci mai kauri kuwa yakan haura kofi ashirin. Dalilin tsadar ba ɓoyayye ba ne. Masana'antun takarda da aka gina a Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe ba sa wadatar da maɗaba'u, daga waje ake shigo da mafi yawan takarda da tawada, kuma tun da aka saki naira a kasuwar canji a Yunin 2023 duk abin da ake saye da dala ya yi tashin gwauron zabi.

Ƙarkonsa ya danganta da ɗauri. Wanda aka ɗinke da zare yakan ga jikoki. Kofen Magana Jari Ce na mahaifinmu, bugun kamfanin ɗab'in littattafai na NNPC da ke Zariya, yana hannuna har yau; bangon ya sha salatif, takardar ta koma kalar kunun tsamiya, amma ko shafi ɗaya bai ɓace ba. Wanda aka manne da gam shi ne hunturu yake wa illa. Iska ta busar da gam ɗin, ka buɗe littafin da ƙarfi ka ji ƙas, shikenan shafuka sun fara zubewa. Bango ma yakan kanannaɗe in aka bar shi kusa da taga. Maganinsa mai sauƙi ne: kada a danne shi a buɗe, a kuma ajiye shi a akwati ko durowa mai rufi.

A wajen shan hantsi babu kamarsa. Hasken rana bai dame shi ba, ba ya neman caji, babu saƙon da zai faɗo a tsakiyar shafi. Da daddare ne rauninsa yake fitowa: sai da fitila, kuma dole hannu ɗaya ya fito daga bargo ya sha ɗari. Ni dai na yarda da wannan harajin.

Haɗarinsa biyu ne. Na farko bugun 'yan fashin fasaha, musamman na tsofaffin littattafan da ake koyarwa a makarantu: rubutu dishi-dishi, wani shafin a kife, wani babu shi. A tsaya a gaban mai shago a bi lambar shafukan. Na biyu ba daga littafin ba ne, daga hasken ne. Hunturu lokacin gobara ne, komai ya bushe, iska tana hurawa. Karatu da kyandir ko aci-balbal a gefen katifa wasa da rai ne. Haka nan shigar da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga don jin ɗumi: gawayi yana fitar da wata iska mai guba marar wari wadda take kashe mutum cikin barci. Duk mai shirin karatun takarda da dare, fitilar caji mai kyau tana cikin kuɗin littattafansa.

Abin da ake samu kuwa, a nan tsofaffin taskokinmu suke. Littattafan da suka fito daga gasar 1933 ta hukumar fassara ta Zariya, irin su Ruwan Bagaja, sirara ne, dare biyu ya ishe su. Magana Jari Ce mai juzu'i uku, da yake gajerun labarai ne aka saƙa cikin babban labari, ana iya cin ɗaya kowane dare har sanyi ya wuce. Littattafan addini da na tarihi ma takarda ce gidansu, Kasuwar Kurmi shaida ce.

Gwanjo

Masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi da kusa da manyan makarantu yawanci na Turanci suke kawowa. Littafin da sabonsa kofi ashirin ne, a wurinsu ka same shi a biyar ko shida, in ka iya ciniki ma ƙasa da haka. Abin mamaki, sau da yawa ɗaurinsu ya fi na sababbin da ake bugawa a gaggauce. Matsalar ita ce ba kai ke zaɓa ba, tarin ne yake zaɓa maka. Ka fita neman abu ɗaya ka dawo da uku waɗanda ba su ba ne, saboda araha. Rabin littattafan da ban taɓa buɗewa ba a ɗakina ta nan suka shigo. Mai asma ko mai saurin mura ya kaɗe su a waje, ya goge da busasshen ƙyalle, ya shanya su a hantsi kafin su shiga ɗaki. A duba shafin ƙarshe kuma. Na taɓa bin wani labarin bincike dare huɗu, sai na tarar ganyen da zai faɗi wanda ya yi kisan an yage shi, wataƙila an ƙunshe gyaɗa da shi.

Haya da aro

Shagunan hayar littafi sun ragu sosai tun da waya ta shigo, amma a wasu unguwanni akwai sauransu, wani lokaci a ɗakin wata matar aure ce da ta tara akwati guda. Kuɗin bai kai kofi ɗaya ba. Ga mai saurin karatu wanda ba ya maimaita labari, babu hanyar takarda da ta kai wannan araha. Sharaɗin shi ne kwana: a hunturu wannan alheri ne, don wa'adi yana sa a gama. Littafin yakan zo a jigace, da tabon manja da sharhin waɗanda suka riga ka a gefen shafi, in yaro ya yaga kuma kai za ka biya.

Ɗakunan karatu na gwamnati, irin na Murtala Muhammad da ke Kano, sun dace da mai neman wuri shiru da rana da mai bincike. Ba su magance matsalar cikin bargo ba. Aro tsakanin abokai kyauta ne, amma zumunci ne jinginarsa. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma wanda ya ba da aro ya san kashi nawa ne ke dawowa.

Waya

Yawancin masu karanta Hausa yau a nan suke, kuma dole a yi wa hanyar adalci. Na'urar tana hannu tun tuni, ba sabon kashe kuɗi. Marubuta da dama, galibinsu mata, suna sakin labari shafi-shafi a zaurukan WhatsApp, ko a dandalin labarai na Wattpad, ko a manhajojin sayar da littafi. An saba a ba da farkon kyauta, in labari ya kama ka sai ka tura kuɗi a sa ka a zauren waɗanda suka biya. Kofi ɗaya ne zuwa uku ga labarin da in a takarda ne zai ci littafi huɗu. Rubutu zalla ba ya cin data. Amma fa kada mu yaudari kanmu, ba rubutun kaɗai ake buɗewa ba. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, leƙe-leƙen da ake yi tsakanin babi da babi ya zama kuɗi na gaske. Ga kuma na mai caji in wuta ta yi kwana biyu ba ta zo ba.

Cikin bargo waya sarauniya ce. Tana da haskenta, hannu ɗaya ya ishe ta, kai da ita duka kuna iya shigewa ciki. A hantsi kuwa sai ka yi ta kare fuskarta da tafin hannu kana ƙanƙance ido.

Ƙarko shi ne inda aka fi cutuwa ba a sani ba. Waya ta faɗa ruwa, ko an sace, ko ta cika an goge, shikenan ɗakin karatu ya tafi. Wanda ya sayi littafi a cikin manhaja kuma, sau da yawa izinin karantawa ya saya, ba littafin ba. OkadaBooks, dandalin da aka buɗe a 2013 wanda marubutan Hausa da yawa suka yi kasuwa a cikinsa, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Shagon littafi na kasuwa in ya rufe, abin da ka saya yana nan a durowarka. Na manhaja ba lallai ba ne.

Haɗarin yana da yawa, zan faɗe shi yadda yake. Ido: mai kallon allo ba ya yawan ƙiftawa, ga iskar hunturu da ma ta busar da idon, sai a wayi gari yana zafi kamar an watsa yashi. Rage haske da mayar da shafi baƙi, rubutu fari, yana taimakawa, amma ba ya kawar da shi. Barci: babi ɗaya ya zama goma, sai kiran assalatu. Kuɗi: akwai labarin da za a biya, marubuciya ta tsaya a tsakiya saboda haihuwa ko rashin lafiya ko gajiya, ba a kuma jin ɗuriyarta, akwai kuma masu karɓar kuɗi da sunan marubucin da bai san da su ba. Labarin da aka riga aka kammala ya fi aminci, kuma a tabbatar lambar asusun daga marubucin ta fito. Sai inganci. Akwai masu alƙalami na gaske a can, amma babu mai tacewa, saboda haka za ka ci karo da rubutun da ba ɗ ba ƙ, an haɗe kalmomi an raba wasu, an cakuɗa da Turanci, wani kuma da batsar da ba za ka so 'yarka ta gani ba in ta ɗauki wayar.

Abu na ƙarshe, tarin littattafan da ake yawo da su kyauta a zauruka. Yawancinsu ba da izinin masu su ba ne. Mutum ya yi wata shida yana rubutu, wani ya tura wa mutum ɗari biyu da danna yatsa ɗaya. Ko ba a je ga dokar haƙƙin mallaka ba, wannan haƙƙi ne, kuma mun san sunansa.

Kindle da ire-irenta

Na'ura ce da kamfanin Amazon ya fara fitarwa a 2007, aikinta karatu kawai. Allonta ba irin na waya ba ne, kamar tawada ce a kan takarda, shi ya sa rana ba ta kashe shi. Na yanzu suna da ɗan haske na cikin gida don dare. Ke nan ita kaɗai ce ta haɗa hantsi da cikin bargo. Caji ɗaya yana kai makonni, wanda a garin da wuta take zuwa ziyara ba ƙaramin abu ba ne. Babu saƙo, babu bidiyo, ana iya ƙara girman haruffa. A kan sauƙi da lafiyar ido, ban ga abin da ya kamo ta ba.

Kuɗinta ne dutsen. Sabuwa dala ɗari da ɗoriya ce a can inda ake sayar da ita, kafin kuɗin kawowa da ribar ɗan kasuwa. A mudun awona, shayin kullum ne na fiye da shekara guda. Kuma fanko take zuwa. Littattafan shagon Amazon da dala ake biya, katin naira kuma ba kullum yake wucewa a shagunan waje ba. Ta hannu ta fi sauƙi, amma a gwada batirin, a ga ta hau intanet ta karɓi sabon rajista kafin a biya, don akwai waɗanda aka toshe saboda an ba da rahoton sace su. Allon yana da rauni, zama ɗaya a kanta cikin bargo ya isa, kuma kayan gyaranta ba kamar na waya ba ne da za ka shiga kasuwar wayoyi ta Farm Centre ka fito da su cikin awa guda. In an sa mata riga an kiyaye, takan yi shekaru.

Sai babbar tambaya, me za a zuba mata? Ga mai Turanci, teku ne. Shafin intanet na Project Gutenberg kaɗai yana da tsofaffin littattafai fiye da 70,000 kyauta, halal. Ga mai Hausa kuwa, abin da ke shagon bai taka kara ya karya ba. Labaran da ake saki kullum a WhatsApp ba sa zuwa kanta da kansu, sai an tattara an tura. Tsofaffin littattafan da aka ɗauki hoton shafukansu kuma, a ƙaramin allo mai inci shida haruffan sun zama tururuwa. Wanda kashi tara cikin goma na karatunsa Hausa ce, zai sayi kyakkyawan akushi ne babu tuwo.

Sauraro

Wasu ba sa ɗaukarsa karatu. Ni ina ɗauka, mu da muka tashi da tatsuniya a ɗakin kaka a irin wannan lokaci na sanyi. Gidajen rediyo da dama suna karanta littattafai, kuma sashen Hausa na BBC yana karanta labaran da suka yi fice a gasar Hikayata ta mata, wadda aka fara a 2016. Rediyo kuɗin batir kawai yake ci. Tashoshin YouTube masu karanta littafi kuwa suna da yawa, amma awa ɗaya a can ta fi cin data a kan littafi goma na rubutu. A rage ingancin hoton zuwa ƙarshe, ko a sauke da datar dare.

Shi kaɗai ne yake barin hannu biyu cikin bargo, ido a rufe, kuma shi kaɗai ne yake bin mace kicin. Ga tsoho mai raunin gani da wanda boko bai zauna masa ba, babu na biyunsa. Rauninsa: ba ka da iko da lokacin rediyo, barci yakan sace ka ka farka an wuce babi shida, kuma ba a ja layi a ƙarƙashin jimlar da ta burge ka. Murya ita ce komai. Yanzu akwai masu sa na'ura ta yi karatun, ita kuwa ba ta san bambancin gari na zama da gari na tuwo ba, ko kukan jariri da kukar miya. Minti biyu sun isa ka gane.

| Hanya | Kuɗi, da kofin shayi | Ƙarko | Inda ta fi daɗi | Babban haɗari | Hausa |
|---|---|---|---|---|---|
| Sabon littafi | 3 zuwa 5. Na Turanci 20 ko fiye | Shekaru, in ɗinki ne | Hantsi | Bugun jabu, fitilar wuta | Da yawa |
| Gwanjo | 5 zuwa 6 | Mai kyau | Hantsi | Ƙura, tara abin da ba a karantawa | Kaɗan |
| Haya da aro | Bai kai 1 ba | Ba naka ba ne | Hantsi | Biyan abin da ya lalace | Da dama |
| Waya | 1 zuwa 3, ban da data | Rauni | Cikin bargo | Ido, barci, labarin da bai ƙare ba | Mafi yawa |
| Kindle | Shayin fiye da shekara | Shekaru, in ba ta fashe ba | Hantsi da bargo | Asarar kuɗi mai yawa lokaci guda | Ƙalilan |
| Sauraro | Batir ko data | Ba a ajiyewa | Aiki da bargo | Barci, muguwar murya | Da dama |

Wani abu da bai shiga jadawali ba, amma ni yana cikin lissafina: abin taɓawa. Hunturu lokacin rake ne, kuma rake hannu biyu yake so, ga ruwa yana ɗiga. Abokinsa sauraro ne kawai. Ƙosai mai zafi da kunun tsamiya da safe suna barin tambarin mai a kusurwar shafi, allon na'ura kuwa gogewa ɗaya ya wuce. Man kaɗanya ko basilin da aka shafa don kaushi shi ma haka, a bari ya shige fata kafin a taɓa littafin aro. Shayi mai citta da kanumfari a filas shi ne ya zauna lafiya da kowa, muddin ba a kan katifa aka ajiye kofin ba. Soyayyar gyaɗa ma ba ta da laifi, in an ɓare ta tun kafin a zauna.

Wa ya dace da me

Wanda Hausa ce mafi yawan karatunsa kuma sababbin labarai yake bi, ya zauna a wayarsa. Ya biya marubutan da yake so, ya zaɓi labarin da aka kammala, ya kashe data in ya fara karatu. In akwai rarar kuɗi, batirin ajiya na caji zai fi masa amfani a kan sabuwar na'ura.

Wanda yake son Hausa mai tsafta, ko yana da yara da yake so su ga littafi a hannun babba, ko yana maimaita abin da ya karanta, takarda ce tasa, tare da fitilar caji. Biyu ko uku a wata, ba jaka guda ba.

Mai cin littafin Turanci uku ko huɗu kowane wata, wanda zai ci gaba da haka bayan sanyi ya wuce, shi ne kaɗai Kindle za ta mayar wa kuɗinsa, kuma za ta mayar cikin 'yan watanni in ana kwatantawa da sababbin littattafai. In bai tabbata da kansa ba, ya yi hunturu ɗaya a kan gwanjo tukuna, ya ƙirga nawa ya gama.

Ɗalibi da mai ƙaramin ƙarfi: haya, aro, ɗakin karatu, gwanjo in an samu canji. Uwar gida mai hidima daga asuba zuwa dare, direba, tela, mai gadi, da iyayenmu da ido ya yi rauni: rediyo da karatun murya.

Ita ƙanwar tawa na tambaye ta abu uku. Wane harshe? Ta ce Hausa, sai jefi-jefi Turanci. Yaushe? Bayan yara sun yi barci, da kuma hantsin Asabar. Me ke damun ki a waya? Ta ce idonta, da kuma ƙaramin ɗanta da ke ƙwace wayar don kallon katun. Na ce to ki bar wa ƙawarki Kindle ɗinta. Ki sayi fitilar caji mai kyau, littafin Hausa biyar waɗanda duk kashinsu ya fito, na gwanjo biyu, sauran kuɗin ki mayar asusu har ki ga abin da kika gama zuwa ƙarshen Janairu.

Ranar Asabar ta biyo ta gidana daga kasuwa, da hular sanyi a ƙarƙashin mayafi. Littafi tara ta sayo, ba bakwai ba, da filas ɗin da ba ya cikin lissafi. Da za ta tafi ta tsaya a gaban durowata ta ce, "Yaya, ara mini juzu'i na biyu na Magana Jari Ce ɗin Baba, sati ɗaya kawai." Yau kwana goma sha tara.